NaI, HPGe, LaBr3 ko CZT: wace na'urar gano gamma ta dace da aikinka?

Ɗaliban kimiyyar nukiliya da ma'aikatan ɗakunan gwaji daga cikin 'yan'uwanmu da ke Jidda, Riyad da Zahran sukan iso wata gaɓa guda. An samu ɗan kuɗin bincike, mushrif, wato malamin da ke duba aikin, ya ce a kawo takardar farashin ditekta, na'urar gano tururin nukiliyar da ake kira gamma, kafin ƙarshen wata, sai mutum ya tarar da na'urori huɗu a gabansa, kowace tana da masu yabonta. Wanda ya yi karatu a Zariya zai ce masa HPGe ko ba komai. Wanda ya zo daga Hartum zai ce NaI ta ishi kowa. Wakilin kamfani kuma zai nuna masa hoton LaBr3 yana cewa ita ce ta zamani. Duk suna da gaskiya ta wani ɓangare, amma babu wanda ya tambaye shi me yake so ya auna, kuma wa zai riƙa kula da na'urar idan kuɗin binciken ya ƙare.

Abubuwan da za a duba kafin a kalli farashi

Na farko shi ne kaifin tantancewa. Kowane sinadari mai fitar da gamma yana da makamashinsa da ake gane shi da shi, ana aunawa da ma'aunin makamashi da ake kira keV. Siziyam-137 yana fitar da 662, kobalt-60 yana fitar da biyu, 1173 da 1332. A kan allon kwamfuta kowane ɗaya yana bayyana kamar tudu, kuma faɗin tudun a rabin tsayinsa shi ne ma'aunin kaifin na'ura. Idan tudun ya yi faɗi, maƙwabta biyu sai su haɗe su zama ɗaya, ka kasa sanin wane ne wane.

Na biyu, yawan kamu: a cikin gamma ɗari da suka nufo na'urar, nawa take tsarewa gaba ɗaya. Wannan ya danganta da girman kiristal da nauyinsa, kuma shi ke yanke hukuncin awa nawa za ka zauna kan samfuri ɗaya. Lissafin ba ya da tausayi. Kafin kuskuren ƙidaya ya sauko zuwa kashi 1 cikin 100, sai ka tara ƙidaya 10,000 a cikin tudun. Na'urar da ke kama rabin abin da wata ke kamawa za ta ci maka ninki biyu na lokaci.

Sai sauri, wanda mai auna ƙasa da ruwa bai damu da shi ba, amma mai aiki kusa da injin niyutiron ko mai neman gamma biyu da suka fito lokaci guda ba ya da abin da ya fi shi muhimmanci. Sai tsabtar na'urar kanta, domin akwai kiristal da ke fitar da nasa tururin. Daga nan kuɗi, kuma kuɗi iri biyu ne, na saye da na riƙo. A ƙarshe juriya ga yanayinmu: zafin Riyad da kan haura digiri 45 a bazara, laimar Jidda da Zahran, da sanyin iyakwandishan da ake kashewa idan an tashi aiki.

NaI: tsohon hannu

Robert Hofstadter ne ya nuna a 1948 cewa kiristal na sodiyam ayodayid da aka sa wa ɗan taliyam yana walƙiya idan gamma ya shige shi. Har yau tsarin bai canza ba: kiristal, kwalbar ninka haske da ake kira PMT a bayansa, sai lantarkin da ke jera bugun bisa girma. Mai inci 3 a faɗi da inci 3 a tsayi shi ne ma'aunin da ake gwada sauran na'urori da shi.

Kaifinsa kusan kashi 7 cikin 100 ne a 662, wato faɗin tudun ya kai keV 46 ko kusa. Tudu biyun kobalt-60 suna da tazarar 159, don haka yana raba su sarai. Amma ka sa masa ƙasar gona. Bismat-214, jikan yuraniyam, yana fitar da 609, siziyam-137 yana 662, tazarar 53 kacal, ga kuma taliyam-208 na gidan toriyam a 583. A NaI waɗannan sukan dunƙule su zama wani tudu mai kafaɗa. Shi ya sa masu auna ƙasa da NaI ke guje wa wannan yanki su koma manyan layuka uku da ke nesa da juna: 1461 na fotasiyam-40, 1764 na bismat-214, da 2614 na taliyam-208. Da waɗannan ukun ana fitar da fotasiyam, yuraniyam da toriyam, kuma aiki ne karɓaɓɓe idan an yi saiti, wato daidaita ma'aunin na'urar, da samfurin da aka san abin da ke cikinsa.

A wajen kamu babu mai raina shi, saboda ana samun babban kiristal da araha. Saurinsa matsakaici ne, haskensa yana ɗaukar kusan nanosakan 250 kafin ya dushe (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Farashinsa shi ne mafi sauƙi: da kiristal da kwalba da lantarkin da ke shiga kwamfuta ta USB, magana ce ta 'yan dubban daloli zuwa dubu goma da wani abu. Kuɗin riƙo kusan babu.

Rauninsa biyu ne, kuma duka sun shafe mu. Kiristal ɗin yana shan laima, don haka a rufe yake ruf cikin gwangwanin alminiyam. Idan gwangwanin ya lotsa ko liƙin ya saki, a iskar Jidda ba a daɗewa sai ka ga tabo rawaya ya fito a fuskarsa, tudu ya fara faɗi, kuma ba ya gyaruwa a ɗakin gwaji. Na biyu, ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya. A ɗauko shi daga bayan mota da azahar a shigar da shi ɗaki mai sanyi a buɗe akwatin nan take, yana iya tsagewa. A bar shi a kwalinsa ya kwana. Ko bai tsage ba, tudun yana tafiya da zafi: ka yi saiti da safe iyakwandishan na aiki, ka bar ƙidaya ta kwana bayan an kashe, gobe ka tarar 662 ya matsa gefe, faɗinsa ya ƙaru ba don laifin kiristal ba.

HPGe: kaifi da ɗawainiya

Wannan ba walƙiya take yi ba. Dunƙulen jamaniyam ne da aka tace har ya zama cikin abubuwa mafi tsabta da ɗan Adam ke ƙerawa, gamma yana sakin caji a cikinsa kai tsaye, ana kwashewa da wutar da ta kai bolt dubu biyu zuwa dubu biyar. Kusan eV 3 kacal (keV ɗaya eV dubu ne) ake buƙata a saki caji ɗaya, shi ya sa ƙididdigar take da yawa, tudun ya zama siriri. A 1332 faɗinsa kusan keV 2 ne, ƙasa da kashi 0.2 cikin 100. Wanda ya saba da NaI, ranar da ya fara ganin ƙasar nan tasa a HPGe, wurin da ya san tudu ɗaya mai kafaɗa sai ya ga allurai uku a tsaye, 583 da 609 da 662, kowace da fili a gefenta. Ga kuma wasu layuka a 239, 295, 352 da 911, waɗanda da can suna nutse cikin hayaniya.

Kada dai a ɗauka ta raba komai. Radiyam-226 yana da layi a 186.2, yuraniyam-235 yana da nasa a 185.7, kuma ko HPGe ba ta raba su. Shi ya sa ake liƙe samfuri a cikin gwangwani a ajiye kusan mako huɗu, domin iskar radon, wadda ke raguwa da rabi duk kwana 3.8, ta daidaita da uwarta, sannan a auna radiyam ta hanyar 'ya'yansa. Ɗalibin da ke aiki kan ruwan rijiyoyin Saq na yankunan Ƙasim, Ha'il da Tabuk, inda aka san wasu da yawan radiyam, ko kan fosfat, ko kan dattin da ke taruwa a bututun mai, ya sa wannan wata guda cikin jadawalinsa tun farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne sanyi. Jamaniyam a zafin ɗaki yana yoyon lantarki da ke binne duk wani bugu, dole a sanyaya shi da ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili. Tulun da aka saba gani lita 30 ne, yana kai kusan mako biyu, amma masu hankali duk mako suke cikawa. HPGe kamar dokin sarauta ce, sayensa rana ɗaya ne, harawarsa kullum. Tambayar da nake so kowane ɗalibi ya yi kafin ya rubuta HPGe a takarda ita ce: wa zai cika tulun a goman ƙarshe na Ramadan, da hutun Hajji, da dogon hutun bazara lokacin da kowa ya tafi gida? Idan amsar ita ce "za a samu wani", to babu kowa.

Abin da ke faruwa idan ta ɗumama ba ƙarshen duniya ba ne, muddin an kashe babbar wuta. Tsoffin na'urorin jamaniyam da lityam na shekarun 1960 su ne ke mutuwa idan sun ɗumama sau ɗaya. HPGe, wadda ta maye gurbinsu daga shekarun 1970, ana iya ajiye ta a ɗumi. Haɗarin yana cikin rabin ɗumama. Idan naitirojin ya ƙare ta fara ɗumi, wani ya zo ya sake cikawa da sauri don ya rufa asiri, iskar da ta saki a cikin bututun da kiristal yake ciki tana iya daskarewa a jikin kiristal, yoyon lantarki ya ƙaru, kaifi ya lalace. Ƙa'ida ita ce a bar ta ta ɗumama gaba ɗaya, a sake sanyaya ta, a jira awannin da littafinta ya faɗa kafin a ɗora wuta, kuma a ɗora a hankali. Idan ka ga hancinta, wato murfin da ya rufe kiristal, yana gumi ko tulun ya fara shan naitirojin fiye da da, alama ce iska ta shiga inda bai kamata ba, aikin injiniya ne.

Akwai masu sanyaya da lantarki, waɗanda kamfanoni irin su ORTEC da Mirion ke sayarwa. Suna raba ka da tulu, amma suna ƙara kuɗi sosai, suna buƙatar batirin ko-ta-kwana, kuma girgizar injin tana iya ɗan taɓa kaifi. A duba kuma mitar wuta: Saudiyya 60 take amfani da shi, Najeriya da Nijar da Sudan 50. Wanda ke ba da shawara ga jami'arsa ta gida kada ya kwafi lambar na'urar da ya gani a nan ido rufe.

Niyutiron mai gudu yana lalata jamaniyam sannu a hankali, tudu ya fara jan wutsiya ta gefen hagu. HPGe iri biyu ce, nau'in n da nau'in p; nau'in n ya fi juriya, kuma tagarsa siririya ce da ke barin ƙananan gamma su shiga, sai dai tagar bariliyam tana fashewa da ɗan taɓawa, ƙurarta kuma guba ce. Shi kansa naitirojin abin tsoro ne: lita ɗaya tana zama kusan lita 700 na iska, tana korar iskar shaƙa ba wari ba launi. Ba a shiga lif tare da tulu, ba a cikawa a ɗaki rufe, ba a cikawa da silifas.

Kuɗinta: ditektar kaɗai gomman dubban daloli ce, cikakken saiti da gidan darma na tare tururin waje mai kaurin santimita 10 da rufin jan ƙarfe a ciki, da lantarki da manhaja, kan kai dala 100,000 ko ya wuce. A canjin riyal 3.75, ka ga riyal 375,000 ke nan kafin harajin kashi 15. Gidan darmar kuma yakan kai tan ɗaya, a tambayi masu ginin ko benen zai ɗauka.

LaBr3: mai sauri, mai surutun ciki

Masu bincike a Delft ta ƙasar Holan tare da abokan aikinsu na Bern ne suka fito da lantanam buromayid a 2001. Walƙiya take yi kamar NaI, amma haskenta ya fi yawa, kusan ƙwayoyin haske 63,000 a kowane MeV (keV dubu ɗaya) inda NaI ke ba da kusan 38,000, kuma yana dushewa cikin nanosakan 16. Kaifinta kusan kashi 3 cikin 100 ne a 662, wato keV 20, don haka 609 da 662 suna rabuwa. Ta fi NaI nauyi, ba ta buƙatar sanyi, kuma zafi bai cika motsa haskenta ba.

Saurin nan shi ne jarinta. Inda gamma ke zubowa kamar da bakin ƙwarya, NaI sai bugu ya hau kan bugu, HPGe ta shaƙe, ita kuwa tana ƙirgawa. Biyu daga cikinta suna iya auna tazarar lokaci da ba ta kai nanosakan ɗaya ba, abin da masu auna tsawon ran matakan makamashi na cikin ƙwayar zarra ke nema. Sashen fiziks na Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran ya wallafa ayyuka da dama kan gwada irin waɗannan kiristal da injin niyutiron, inda ake harbin samfuri a karanta gamman da ya fito nan take. Mai irin wannan aiki ya fara karanta su kafin ya nemi farashi.

Abin da wakilin kamfani ba ya saurin faɗi shi ne lantanam na asali yana ɗauke da ɗan lantanam-138, kusan kashi 0.09 cikin 100, mai fitar da tururi. Ka rufe ta a gidan darma babu samfuri, za ka ga tudu a wajen 1436 zuwa 1470, daidai unguwar da fotasiyam-40 yake zaune a 1461. Can sama kuma akwai wasu tuddai daga gurɓatar aktiniyam-227. Ga mai aiki da tururi mai ƙarfi wannan ba komai ba ne, har ma yana amfani da tudun wajen lura da saiti. Ga mai auna ƙasa, dabino ko ruwan sha, ya sayi na'urar da hayaniyarta ta fi muryar samfurinsa. A ganina wannan shi ne kuskuren saye mafi tsada a cikin huɗun, domin mutum ya biya kuɗin kaifi ya rasa tsabta. Wanda ke son sauri ba tare da surutun ba ya dubi 'yar'uwarta CeBr3, kaifinta kusan kashi 4, cikinta ya fi shiru.

Tana shan laima fiye da NaI, tana kuma tsagewa da sauyin zafi. Farashinta ya ninka na NaI sau da yawa, ƙaramar mai inci ɗaya da rabi ta fi babbar NaI mai inci 3 tsada. Kuma kada a haɗa ta da tsohon lantarkin da aka gada, domin bugunta mai kaifi yana iya cika kwalbar PMT, manyan layuka su fito ƙasa da inda ya kamata.

CZT

Haɗin kadmiyam, zink da teluriyam ne. Caji take kwasa kai tsaye kamar jamaniyam amma a zafin ɗaki, duk na'urar tana shiga aljihu, kebul ɗin USB ne abincinta. Kaifin waɗanda aka fi samu a kasuwa kashi 2 zuwa 2.5 ne a 662, masu tsada da aka yanka fuskarsu ƙanana-ƙanana suna sauka ƙasa da kashi 1. Matsalarta girma: kiristal ɗin yawanci bai wuce santimita ɗaya kowane gefe ba, babbar NaI kuwa ta ninka shi sau fiye da 300. A ƙananan makamashi, kamar 60 na amerisiyam-241 ko 140 na teknishiyam da asibitoci ke amfani da shi, tana da kyau ƙwarai. A 1461 ko 2614 yawancin gamma wucewa suke yi, sai ka yini kana jira. Tudunta kuma yana da wutsiya ta hagu saboda wani ɓangaren cajin yana maƙalewa a hanya. Farashinta yana kusa da na cikakken saitin NaI ko sama. Ba ta shan laima, amma ba ta son faɗuwa.

| | NaI | HPGe | LaBr3 | CZT |
|---|---|---|---|---|
| Faɗin tudu a 662 | kusan 7% | kusan 0.2% | kusan 3% | 2 zuwa 2.5% |
| Kamu a manyan makamashi | mai yawa | ya danganta da girma | mai yawa | kaɗan |
| Sauri | matsakaici | a hankali | ƙwarai | matsakaici |
| Tururin cikinta | kaɗan | kaɗan ƙwarai | akwai, a fili | kaɗan |
| Sanyaya | babu | dole | babu | babu |
| Kuɗin saye | mafi araha | mafi tsada | tsada | matsakaici |
| Kuɗin riƙo | kusan babu | duk mako | kusan babu | kusan babu |
| Abin da ke kashe ta | laima, sauyin zafi | rabin ɗumama, niyutiron | laima, sauyin zafi | faɗuwa |

Ranar da akwati ya iso

Ko wace ka zaɓa, kada ka sa hannu a takardar karɓa sai ka gwada. Kowace ditekta tana zuwa da takardar da kamfani ya rubuta kaifin da ya auna mata. Ka maimaita awon da irin tushen, wato faifan sinadari mai fitar da gamma, da suka yi amfani da shi, siziyam-137 ga masu walƙiya da CZT, kobalt-60 ga HPGe, a nisan santimita 25 idan kana duba kamu. Idan lambarka ta fi tasu muni sosai, ka fara zargin kebul, da haɗin ƙasa, da saitin lantarki, kafin ka zargi kiristal. Bayan haka ka duba miƙewar ma'auni, wato ko kowane layi yana faɗawa inda ya kamata, da tushe mai layuka da yawa kamar yurofiyam-152, wanda ke da su daga 122 har 1408. Ka bar ta ta kwana tana ƙirga abu ɗaya, kana ajiye sakamako duk awa, ka ga ko tudun yana yawo. Ka ƙare da awon ɗaki babu samfuri na yini guda ko biyu, ka adana shi, domin shi za ka riƙa komawa duk lokacin da wani baƙon tudu ya bayyana.

A tuna tushe yana tsufa. Kobalt-60 yana raguwa da rabi duk shekara 5.27, sodiyam-22 duk shekara 2.6, siziyam-137 sai shekara 30. Faifan kobalt da aka saya shekara 16 da suka wuce saura kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinsa, wanda ya yi lissafin kamu da lambar da ke jikin faifan ba tare da gyaran kwanan wata ba zai ɗora wa ditekta laifin da ba nata ba.

Shi tushen ba a sayensa kamar batir. Shigo da shi, ajiye shi da ɗaukarsa daga gini zuwa gini suna ƙarƙashin Hukumar Sa Ido kan Nukiliya da Radiyeshan ta Saudiyya da aka kafa a 2018, ta hannun jami'in kariya na jami'arka. Izini yakan ɗauki lokaci, a fara nemansa tare da odar na'ura. Kafin ya fito, gishirin nan na masu hawan jini da ake sayarwa a manyan kantuna, mai fotasiyam a madadin wani ɓangare na sodiyam, idan ka cika roba da shi ka jingina da NaI, cikin ɗan lokaci tudun 1461 zai taso. Ba saitin wallafawa ba ne, amma ya isa ya nuna maka na'urar tana da rai.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Idan aikinka tantance abin da ke cikin ƙasa, ruwa, abinci ko kayan gini ne, kuma sakamakon zai shiga mujalla ko rahoton hukuma, HPGe ce amsar. Amma kafin ka nemi a saya, ka zagaya: sassan fiziks da na injiniyan nukiliya, irin na Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta KACST a Riyad, wurare ne da ake tambayar ko akwai wadda za a ba ka lokaci a kanta. Sau da yawa dabara ita ce ka sayi NaI ka tace samfura ɗari da ita, ka ɗauki goma da suka fi ɗaukar hankali ka kai wa HPGe ta maƙwabta.

Idan ɗakin koyarwa ake ginawa, NaI biyu ko uku sun fi HPGe ɗaya da za a kulle a hana ɗalibai taɓawa. Da biyu da faifan sodiyam-22 ana nuna gamma biyun 511 da ke fita gaba da baya lokaci guda, ana auna yadda darma ke tare tururi, ana ganin tarwatsewar Compton da ido, wato yadda gamma ke karo da elektiron ya sauya hanya.

Mai aiki kusa da injin niyutiron ko injin harba ƙwayoyi, ko mai auna lokaci, LaBr3 ko CeBr3. Idan dole sai jamaniyam a wurin, nau'in n, da garkuwa, da kuɗin gyara a kasafi.

Mai yawo da na'ura a fili, ko mai aiki da ƙananan makamashi a asibiti, ko mai leƙa wurin da tururi ya yi yawa har babban kiristal ke shaƙewa, CZT.

Wanda burinsa ya koyi ƙera ditekta da hannunsa, babu ɗaya cikin huɗun da ta dace da shi a rufe. Ya sayi ƙaramin kiristal na CsI ko GAGG, waɗanda laima ba ta cika damunsu ba, da na'urar karɓar haske ta silikon da ake kira SiPM, mai aiki da 'yan gomman bolt maimakon dubu. Ya naɗe kiristal da farin tef ɗin famfo, ya ɗiga man haɗa haske, ya rufe da baƙin tef, ya gina kwaikwayon na'urar a manhajar Geant4 ta kyauta, ya gwada abin da ya auna da abin da kwamfuta ta yi hasashe. Faifai biyu na robar walƙiya, ɗaya bisa ɗaya, za su ƙirga masa ƙwayoyin nan da ake kira miyuwon, masu saukowa daga sama, kusan ɗaya a kowane murabba'in santimita a minti, ba tare da neman izinin tushe ba.

Mai shirin komawa gida kuwa ya auna zaɓinsa da wurin da zai sauka. A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello mai riyakta tun 2004, inda jamaniyam ba baƙo ba ne, don haka ƙwarewa a HPGe tana da kasuwa. Wanda zai koma ƙaramar jami'a a Arewa ko Nijar, ko Sudan inda yaƙi tun Afrilun 2023 ya taɓa jami'o'i da wutar lantarki, ya dage ya ƙware a NaI da SiPM, waɗanda kwamfutar cinya da faifan sola ke iya riƙewa, ya kuma nemi awanninsa a kan HPGe tun yana nan inda naitirojin ke zuwa da mota duk mako.